Dajin da Aka Bari Ba Ya Rasa Mai Shi

'Yan uwa malamai, a littattafan da muke koyarwa da su akwai hoton giwa da jimina da raƙumin dawa, kuma yaran Gatawa da Sabon Birni da Isa sun haddace sunayensu. Amma in aka ambaci daji a aji, ba barewa ke faɗo musu a rai ba, sai rugugin babura da ƙarar bindiga. Wannan asara ce ta ilimi, mu kuma ta fara shafa.

Dajin Gundumi, da ke tsakanin Marnona da Isa, gandu ne da hukuma ta keɓe. Dattawanmu suna tuna zamanin En'e, lokacin da malamin daji ke zagaye, wanda duk ya sare itace ba izini ya gurfana gaban alƙali. Da sa ido ya yi rauni, sai masu gawayi suka shiga, namun dawa suka ƙaura, daga bisani 'yan bindiga suka kafa sansani a dazuzzukan yankinmu. Kisan Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Bawa, a hannunsu cikin watan Agustan 2024 ya ishe mu shaida.

Mu leƙa maƙwabtanmu na Nijar. A 1996 raƙuman dawan da suka rage a can ba su wuce 50 ba, akasarinsu a yankin Kure kusa da Yamai. Da aka tsare su, aka kuma sa mutanen ƙauyuka cikin aikin rakiyar baƙi masu zuwa kallo, sai suka haura 600. A 2018 aka ɗebi takwas aka kai gandun Gadabeji a jihar Maraɗi, wanda aka keɓe tun 1955, bayan shekaru da dama babu ko ɗaya a wurin. A nan gida ma, Yankari ta jihar Bauchi, da aka keɓe a 1956, har yau makarantu na kai ɗalibai su ga giwa ido da ido.

Wani zai ce wanda ke kwana da ido ɗaya ba ya zancen barewa. Gaskiya ne, rai ne gaba da kome. Sai dai tsaron mutum da tsaron daji ɗanjuma ne da ɗanjummai. In sojoji sun kori ɓarayi yau, aka bar dajin ba ma'aikaci, ba alamar iyaka, ba mai cin halaliya daga gare shi, gobe wasu za su maye gurbinsu.

Don haka muna kira ga gwamnatin jihar Sakkwato da ta sa farfaɗo da gandayen daji cikin shirinta na tsaro, ta ɗauki matasan ƙauyukan da ke kewaye aikin gadi. Mu kuwa namu aikin yana cikin aji da harabar makaranta. Mu gayyato tsofaffin maharba su faɗa wa yara inda gwanki da gada suka taɓa kiwo, a rubuta a adana. Kowane aji ya dasa gawo ko tsamiya ko aduwa, ya raine ta har ya gama firamare.

Yaron da ya tashi da sanin daji gadonsa ne, shi zai nemi a dawo masa da shi. Allah Ya maido mana da zaman lafiya, amin.