DOKAR DA TA AUNA BUTUTU TA BAR ƘARAMAR BINDIGA

'Yan'uwa, maharbi ba ya ɓoye bindigarsa. A kafaɗa yake saɓa ta, kowa na gani. Wanda ya sa zarto ya rage bututun bindiga don ta shige ƙarƙashin riga, da wuya a ce namun daji yake nema. Yadda hukumar Amurka ta yi da wannan al'amari ya isa a tsaya a duba.

A shekarar 1934, bayan ɓarnar 'yan ta'addan Shikago irin su Al Capone, gwamnatin Shugaba Roosevelt ta kai wata doka gaban majalisa. Tun farko nufinta ta kama ƙananan bindigogi na hannu, su libarba, da bindiga mai sarrafa kanta. Sai anka ga in an ƙuntata ƙarama, mutum zai yanke doguwa ta koma ƙarama. Saboda haka anka ƙara sharaɗi: bindigar farauta mai bututu ƙasa da inci 18, wato wajen santimita 46, sai da rajista da harajin dala 200, kuɗin da ya fi tsadar bindigar kanta nesa.

Me ya faru? Ƙungiyar masu bindiga ta NRA ta tashi tsaye, 'yan majalisa sunka ja da baya, anka zare ƙananan bindigogi daga dokar. An kashe maciji ba a sare kansa ba! Wanda ya yanke bindigar farauta ba rajista yana iya shan ɗaurin shekara 10, amma libarba mai bututun inci 2, irin wadda kamfanin Colt ya fara sayarwa a 1927, wannan doka ba ta taɓa ta ba. Alhali kuwa lissafin 'yan sandan FBI ya nuna da ƙaramar bindiga aka fi kashe mutane a ƙasar. A 2025 majalisa ta sauke harajin nan daga kan gajerun bindigogi, ta bar rajista.

Wasu ƙasashe sun kama abin ta kansa. Dokar Kanada ta 1995 ta haramta ƙaramar bindiga mai bututun milimita 105 ko ƙasa. Birtaniya kuwa, bayan kisan yara 'yan makaranta 16 da malamarsu a garin Dunblane a 1996, ta hana jama'a riƙe kusan dukan ƙananan bindigogi a 1997.

Ra'ayinmu a fili yake. Abin da ya kamata doka ta tambaya shi ne: wannan makami na ɓoyewa ne ko na aiki a sarari? In masu kuɗi da baki a majalisa sunka sa hannu cikin rubuta doka, sukan bar wa kansu ƙofa, talaka ne ke biya da jininsa.

A karanta wannan a kowane reshe ran kasuwa. Duk dokar da anka kawo muku, ku tambayi abin da anka zare daga cikinta, da wanda ya sa anka zare.