Tallan tufafi: Kafin 'yarka ta sa hannu a takardar dillalai

Wata magana ta shigo gidajenmu ta cikin wayar hannu ba tare da sallama ba, kuma ga alama ta samu wurin zama. Daga Kasuwar Kilomita Biyar a nan Bangi har zuwa Garwa-Bulai, sanarwa ce ke yawo a Facebook da TikTok da WhatsApp cewa ana neman dogayen 'yan mata da samari waɗanda za a koya wa tallan tufafi, aikin da masu jin Faransanci ke kira manike. Masu sanarwar kan ce suna da hannu da manyan kamfanoni a Duwala ko Abijan ko Faris, sannan a ƙasa da ƙananan baƙaƙe a nemi kuɗin rajista da kuɗin ɗaukar hoto da kuɗin koyon tafiya. Iyayen da ke bugo waya gidan rediyonmu sun kasu biyu. Wasu da zarar sun ji sai su ce a'uzu billahi su rufe zancen, wasu kuma, musamman waɗanda rikicin 2013 da 2014 ya cinye wa jari, gani suke wataƙila ƙofar arziki ce Allah Ya buɗe wa gidan. Tambayar da ba kasafai nake ji daga ɓangarorin biyu ba ita ce wadda ɗan kasuwa ya kamata ya fara yi: a cikin wannan harka, wa ke biyan wa?

Kamfanin da ake kira ajans ba ya ɗaukar kowa aiki a kan albashin wata. Dillali ne, kamar dillalin shanu ko na gidaje. Masu ɗinki da masu kamfanonin sabulu ko na waya su ne masu saye, yarinya ko yaro shi ne mai kaya, kayan kuwa su ne fuskarsa da tsayinsa da lokacinsa. Dillalin yakan haɗa su, in ciniki ya faɗa ya cire la'adarsa, wadda a manyan kasuwannin wannan sana'a takan kama kashi 20 cikin 100 daga kuɗin mai tallan, ya kuma karɓi wani kason daga hannun mai saye. Akwai kuma ƙaramin dillali na gida, wanda ya fara gano yarinyar ya miƙa ta ga babba na ƙasar waje, shi ma yana da nasa rabon a duk aikin da ta yi. To, mai karatu, a wace kasuwa ka taɓa ganin dillali ya karɓi la'ada tun saniya tana daji? Wanda ya nemi kuɗi kafin ya kawo aiki, ya riga ya samu mai sayensa, wato kai da ka biya. Ba shi da sauran dalilin wahalar da kansa wajen nema wa 'yarka aiki.

Wannan shi ne mai sauƙin ganewa. Mai wuyar yana tare da kamfanonin gaskiya, masu ofis da lasisi da suna. Su ba sa neman ko sisi da farko. Su za su sayi tikitin jirgi, su nemi biza, su kama ɗaki, su buga hotuna, har su riƙa ba da kuɗin cefane duk mako. Iyaye sai su ɗauka kyauta ce. Bashi ne, kuma ana rubuta shi layi-layi a littafin da yarinyar ba ta gani sai an zo lissafi. Mu da muka san ɗaukar kaya bashi daga hannun ubangida a Duwala mun san wannan tsari, sai dai namu ya fi sauƙi ta fuska ɗaya, domin in kasuwa ta ƙi kana iya mayar da ragowar kaya. Ita yarinyar da ta yi wata uku tana zagaya wuraren gwaji ba a ɗauke ta ba, babu abin da za ta mayar.

Idan ba a manta ba, a shekarar 2023 jaridar Sunday Times ta Ingila ta buga wani bincike a kan sansanin 'yan gudun hijira na Kakuma da ke arewacin Kenya, inda masu farautar sababbin fuskoki ke ɗibar 'yan matan Sudan ta Kudu saboda tsayinsu da launin fatarsu, a kai su Turai. Binciken ya nuna wasu an dawo da su sansanin cikin ɗan lokaci, wasu saboda an ce ba su dace ba, kuma ɗaya daga cikinsu, wadda har ta yi tafiya a dandalin nunin tufafi na Landan, ta dawo da takardar da ke cewa ana bin ta bashin kimanin Yuro 3,000. A kuɗinmu, tunda Yuro ɗaya sefa 655 ne da ɗoriya, wannan ya tasam ma sefa miliyan 2. Ba damfara aka yi mata irin ta 'yan intanet ba. Jirgin ta shiga, birnin ta gani, aikin ma ta yi.

A ɗauki misali don a ga yadda lissafin ke tafiya. A ce ana bin yarinya wannan Yuro 3,000, sai ta samu aiki na Yuro 500, wato kusan sefa 328,000, kuɗin da in aka faɗe shi a rumfa kowa zai ɗago kai. Dillali ya cire 100, ragowar 400 ta tafi biyan bashi. Sai ta yi irin wannan aiki sau takwas kafin wani abu ya shiga hannunta, alhali kuɗin ɗaki na ci gaba da hawa kowace rana. Kuma babu wanda ya yi mata alkawarin aiki ko ɗaya, domin takardar cewa ta yi kamfanin zai nema, ba ta ce zai samo ba. Ga shi a wurare da dama kuɗin aikin ma ba ya fitowa sai bayan watanni.

Ƙasashen da wannan sana'a ta yi ƙarfi sun san da matsalar, shi ya sa suka yi mata dokoki. A Faransa sai da lasisin hukuma ake buɗe irin wannan kamfani, doka kuma tana ɗaukar mai tallan a matsayin ma'aikaci mai albashi a duk aikin da ya yi, sannan tun 2017 ake neman takardar likita saboda yadda ake matsa wa 'yan mata su rame. A jihar Niyok ta Amurka kuwa, sai da ƙungiyar Model Alliance, wadda Sara Ziff ta kafa a 2012, ta yi shekaru tana fafutuka kafin Gwamna Kathy Hochul ta sa hannu a dokar a Disamba 2024, ta fara aiki a Yuni 2025. Dokar ta ce la'ada ba za ta wuce kashi 20 cikin 100 ba, ba a karɓar kuɗin rajista ko na ajiya a wajen sa hannu, yarjejeniya ba za ta wuce shekara uku ba, kuma ba za ta sabunta kanta ba sai da yardar mai ita. Abin lura a nan, duk abin da doka ta tashi ta hana, to an daɗe ana yin sa ne. In har a Niyok sai a 2025 aka iya ɗaure dillalai da wannan igiya, sai mutum ya auna halin yarinyar da ta sa hannu a takardar da aka turo mata ta waya a Kilomita Biyar, da Faransancin lauyoyi wanda ko mahaifinta ba ya karantawa. Lasisi da suna ma ba su ne kariya ba. Jean-Luc Brunel yana cikin fitattun masu farautar 'yan tallan tufafi a Faransa na tsawon shekaru, amma a Disamba 2020 aka kama shi bisa zargin lalata da ƙananan yara, ya mutu a kurkuku a Faris a Fabrairu 2022 kafin a yanke masa hukunci.

Mu a nan muna da wani rauni na daban. Kowa ya san wahalar da mai sunan Musulmi ke sha a ƙasar nan kafin ya samu katin shaida ko fasfo, yadda ake neman ya kawo takardun iyaye da kakanni waɗanda sau da yawa sun ƙone ko sun ɓace a lokacin gudu. Saboda haka wanda ya zo ya ce shi zai yi wa yarinya fasfo, ya taɓa inda ke yi wa gidan ƙaiƙayi. Sai a tambaya: bayan an yi fasfon, a hannun wa zai kwana? Bashi da ba a san iyakarsa ba, da fasfo a aljihun wani, da ƙasar da ba ka jin harshenta, su ne igiyoyi ukun da aka ɗaure 'ya'yan mutane da su a hanyar Agadas zuwa Libiya, da kuma a gidajen aikatau na ƙasashen Larabawa. Sunan aikin ne kawai ya bambanta.

Batun halacci ko haramci na malamai ne, ba na ɗan jarida ba, kuma ba yau aka fara jayayyar ba a ƙasar Hausa. Alphadi, mai zanen tufafi na Nijar, ya fara bikinsa na FIMA a 1998 a hamadar Tigidit kusa da Agadas, amma da aka kawo bikin kusa da Yamai a Nuwamba 2000 sai da zanga-zanga ta ɓarke a Yamai da Maradi, aka yi ƙone-ƙone, gwamnati ta rushe wasu ƙungiyoyin addini. Bayan shekara 21, a Disamba 2021, Shatu Garko 'yar Kano ta lashe gasar sarauniyar kyau ta Najeriya da hijabinta, hukumar Hisba ta nuna rashin amincewa, aka yi ta cece-kuce. Yaranmu sukan kawo sunanta a matsayin hujja, sai dai gasar kyau daban, yarjejeniya da dillali daban. Gasa dare ɗaya ce da kyauta a hannu, yarjejeniya kuwa shekaru ne. Wadda ta fi dacewa su duba ita ce Halima Aden, wadda aka haifa a wannan sansani na Kakuma a 1997, ta tashi a Amurka, ta sa hannu da kamfanin IMG a 2017 da sharaɗin ba za ta cire hijabi ba, da kuma wurin canza kaya nata ita kaɗai. Ta kai inda kaɗan ne ke kaiwa, amma a Nuwamba 2020 ta ajiye aikin, tana mai bayyana cewa a hankali aka riƙa rage mata lulluɓin har ta daina gane kanta a hotuna. Wannan fa mai jin Turanci ce, mai suna, mai sharaɗi a rubuce. Uban da aka ce masa kada ya damu, da mayafinta za ta yi, ya kamata ya san cewa a ɗakin ɗaukar hoto ba shi ke tsaye ba, kuma yarinyar da ake bi bashi ba ta da bakin cewa a'a.

Yanzu bari mu juyo gida, domin a nan ne zancen ya taɓa mu kai tsaye. Gaskiyar ita ce yawancin yaran nan ba su kai tsayin santimita 175 da manyan dandalin Turai ke nema daga mace ba, kuma ba za su je Faris ba. Aikin da ke akwai na haƙiƙa yana cikin rumfunanmu. Mai atamfa da mai leshi da mai abaya da mai shadda duk sun koma nuna kaya ta waya, kuma kowa ya gane cewa turmin da ke jikin mutum ya fi wanda ke naɗe a kanta saurin tafiya. Najeriya ta ga kuɗin da ke cikin wannan, shi ya sa hukumarta mai kula da tallace-tallace, ARCON, ta hana amfani da fuskoki da muryoyin 'yan ƙasashen waje a tallan da ake yi wa 'yan ƙasar daga 1 ga Oktoba 2022. Ma'ana fuskar gida ta yi daraja.

Amma yaya muke biya? Sau da yawa sai a kira 'yar maƙwabci ko ƙanwar yaron shago, a ɗaura mata kaya, a ɗauki hoto, a sallame ta da ɗankwali ko da Allah Ya yi albarka. Hoton nan sai ya bi motar kaya ya kai Bertuwa, ya kai Munduwa ta Cadi, wasu 'yan kasuwa su kwafa su liƙa a nasu shafin, ya yi shekara biyu yana jawo ciniki. Ranar da aka zo neman aurenta, dangin miji su ciro shi su ajiye a gaban mahaifinta. Ita ta ɗauki nauyin surutun, mu muka ci ribar. Ɗan kasuwar da ke kukan cewa Turawa na cutar 'yan Kakuma, alhali haka yake yi, a ganina bambancinsu ɗaya ne: shi bai saya mata tikitin jirgi ba.

Abin da manyan kamfanoni ke saye da tsada ba ranar ɗaukar hoton ba ce kawai, izinin amfani da shi ne: na wata nawa, a wace ƙasa, a allon titi ko a waya. Maganar ta ƙara nauyi tun da kwamfuta ta iya ƙera mutum daga hotonsa. A Maris 2025 kamfanin H&M ya sanar da shirin ƙera kwafin masu talla 30 ta wannan hanya, dokar Niyok kuma ta ce ba a yin haka sai da yardar mutum a rubuce. Mu ba mu kai can ba, amma muna da shugabannin kasuwa da ke raba rigimar bashi da ta awo kullum, kuma babu abin da zai hana su sa wannan a cikin abin da suke shaida. Rabin shafin takarda ya isa: nawa za a biya, hotuna nawa, har zuwa wane wata, da sa hannun waliyyin yarinya in ba ta kai shekara 18 ba, da alkawarin mai shago cewa zai sauke hoton daga shafinsa ranar da aka nema.