A Fito Da Taron Masu Manhaja Daga Birni

'Yan'uwana ɗalibai, a shekarar 1974 aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a ƙasar Bebeji. A shekarar ce kuma masanan kamfanin IBM na Amurka suka bayyana harshen da daga baya aka kira SQL, wanda da shi ake yi wa rumbun bayanai tambaya ya amsa nan take. Ruwan Tiga ya daɗe da isa gonaki, harshen nan kuwa bai isa yawancin ofisoshinmu na karkara ba.

Da idona na ga wani akawu a wata sakatariya ya yi kwana biyu yana birkita fayil don ya gano manoma nawa suka karɓi taki. Da sunayen na cikin kwamfuta, layi uku sun wadatar.

Abin takaici, tarurrukan masu rubuta manhaja, irin su DevFest, a birnin Kano ake yin su. Ɗan Riruwai ta Doguwa, kuɗin mota kaɗai ya isa ya zaunar da shi. A ganina, a hutun nan mu kira namu taron a Kwanar Dangora ko Tudun Wada, mu gayyato akawunan Kiru da na maƙwabta. SQLite kyauta ce, ba ta kuma bukatar intanet. Tsohuwar kwamfuta ɗaya da rajistar taki sun ishe mu darasin farko.