Kafin a sayar da akuya a sayi kwamfuta mai "kor" takwas



Duk lokacin komawa karatu muna ganin iyaye na kai akuya ko buhun hatsi kasuwa don a saya wa yaro kwamfuta, musamman masu karatun noma a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maradi. Mai shago kuwa maganarsa ɗaya ce: Alhaji, ɗauki wannan, kor takwas gare ta. Mu dai muna ganin kafin a ƙara ko dala, a fara tambayar yaron wace manhaja zai yi aiki da ita.

Kor ɗin nan tamkar ma'aikata ne cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta. In gayya ce, mutum takwas su jeru a gona, kowa da kunyarsa, kafin azahar an gama. Amma in ginin rijiya ne, mutum ɗaya ke shiga ƙasa, sauran suna baki suna jira. Manhajoji da yawa irin na rijiya ne, ma'aikaci ɗaya ke zufa, bakwai na zaune, alhali an biya kuɗin takwas.

Ga misali daga gida. Cibiyar AGRHYMET da ke Yamai, wadda aka kafa a 1974, ta yi amfani da manhajar SARRA-H ta cibiyar CIRAD ta Faransa wajen kwaikwayon yadda hatsi da dawa ke girma, daga ruwan da ya sauka da irin ƙasar wuri, don a hango amfanin damina. A irin wannan lissafi, gona guda ba ta rabuwa, domin damshin ƙasa na rana ta 40 ya dogara ga na rana ta 39, dole a bi kwanaki ɗaya bayan ɗaya. Amma gonar Aguié ba ta jiran ta Guidan Roumdji. To nan ne dabarar take: a raba aikin gona-gona, kowane kor a ba shi nasa yanki. Ɗalibin da ya rubuta lissafinsa da Python bai raba shi haka ba, kor ɗaya zai yi ta amfani da shi, ko nawa ne a cikin na'urar.

Ko an raba ma akwai iyaka. Tun 1967 wani Ba'amurke, Gene Amdahl, ya nuna cewa ɓangaren da ba ya rabuwa shi ke riƙe sauran. In kashi 10 cikin 100 na aikin irin na rijiya ne, kor takwas ba za su ba da ninki takwas ba, ko biyar ba su kai ba.

Gwajin ba wuya. A kunna aikin, a buɗe Task Manager a Windows, a duba. In na'ura mai ma'aikata takwas ta tsaya wajen kashi 12 ko 13, ɗaya ne ke aiki, sai yaro ya nemi malaminsa su duba saitin manhajar.

Kar kuma a manta da zafinmu na watan Afrilu. In aka sa duka kor ɗin aiki, na'ura kan ɗumama ta rage gudu da kanta, batir ma ya ƙare da wuri. A sauke ta daga katifa, a kakkaɓe ƙurar da ta toshe fankarta.