Tiraka a ɓoye ba kulawa ba ce

1/ Duk lokacin da wata ta ce ta tsinci tiraka a motarta, sai ka ga an cika ƙasan rubutun da "in ba ki da abin ɓoyewa, tsoron me kike?" Haba jama'a. Wanda ya damu da tsaronki, faɗa miki zai yi ya saka. Wanda ya lallaɓa ya maƙala da dare, bibiyarki yake yi.

2/ Kar a ce kishi ne kawai. A 2022, a Indiyana ta Amurka, wata ta bi saurayinta da AirTag har inda yake, ta take shi da mota ya mutu. Maza, ku ma abin ya shafe ku.

3/ AirTag ɗin nan Apple ya fito da shi a 2021 don neman makulli da jaka. Bai wuce marfin kwalba ba, batirinsa na kai shekara. iPhone na gargaɗi in baƙon AirTag na tafiya da ke, Android ma tun 2023. Ki bar Bluetooth a kunne. In kin same shi, ki kara bayan wayarki a jikinsa, zai nuna lambobi 4 na ƙarshen layin mai shi.

4/ Amma masu aiki da GPS da sim, waya ba ta ganinsu. Sai tocila da hannu: saman taya, cikin bamba, ƙasan kujera, wajen tayar safaya. Mai maganaɗisu yana manne wa ƙarfe a ƙasan mota. Wani kuma a ramin OBD ake soka shi, ƙasan sitiyari, inda bakanike ke jona kwamfuta.

5/ In kin ga wanda aka haɗa da wayoyin mota, kar ki yanke! Wasu an jona su da famfon mai, kina yankewa mota ta ƙi tashi. Ki kai wa mai wayarin da kika yarda da shi. Motar hannu ce ko ta bashi? Tambayi dila tukuna, ƙila na maganin ɓarayi ne.

6/ Kuma kar ki fasa shi don haushi, shaida ce. Ɗauki hotonsa a inda yake. In kina tsoron wanda ya saka, kar ki cire a gida ke kaɗai, domin yana daina motsi zai gane. Ki fara isa wajen 'yan'uwa ko ofishin 'yan sanda, a cire a gabansu.