Ba Kowane Ciwon Ciki Ne Tsutsa Ba

Iyaye, idan 'yarku mai shekara 10 zuwa 12 ta yawaita faɗa da ƙannenta, tana kukan ciwon ciki, ta rage cin abinci, kada ku yi saurin ɗaukar bulala. Sau da yawa mukan auna irin waɗannan yara, ba zazzaɓi, ba tsutsa. Damuwa ce.

Ku dubi zamanta. Ita ce mai goyo, ita ce mai ɗebo ruwa, wanta kuwa yana makaranta. Da dare tana jin gardamarku kan kuɗi, ta kwana da tsoron kada a saki uwarta. Ga jikinta yana canzawa, gama alamun balaga sukan soma tsakanin shekara 8 da 13.

Harshe da haƙori ma sukan saɓa, amma a ganina 'yan ubanci daga manya yake farawa. Ku daina cewa, "Dubi ƙanwarki, ta fi ki." Ku raba aiki da nama daidai. Ku yi gardamarku inda yara ba sa ji. Uwa, ki zauna da ita ku biyu, ki saurare ta.

In ciwon ya zo da zazzaɓi, amai ko rama, ku kawo ta asibiti da wuri.