Kirista da Waƙar Duniya: Ina Iyakar Take?

A makon jiya, bayan mun tashi daga aji, wata ɗalibata ta biyo ni ofis idonta cike da ƙwalla. Tana cikin ƙungiyar mawaƙan majami'arsu, sai wani dattijo ya ji waƙar Ɗan Maraya Jos tana tashi a wayarta, ya kai ƙara, aka dakatar da ita wata guda. Ta ce, "Malam, don Allah zunubi na yi?" Na roƙi ta ba ni mako ɗaya. Ga amsar da na shirya mata, na kuma ga ya dace mai karatu ya ji, domin 'yan'uwanmu Musulmi ma sun daɗe suna irin wannan muhawara a kan kiɗa.

Bari mu fara ba dattijon haƙƙinsa. Tsoronsa yana da tushe. Waƙa ba ta sallama kafin ta shiga zuciya. Wa'azin Lahadi yakan gushe kafin Laraba, amma amshin da yaro ya ji sau biyu zai bi shi har wurin barci. Agustin, babban malamin Kirista na Hippo a ƙasar Aljeriya ta yau, wanda ya rasu a 430, ya rubuta cewa ko a cikin majami'a yakan ji tsoron kada daɗin murya ya rinjaye shi fiye da ma'anar kalmomin. In har waƙar ibada ta sa shi taka-tsantsan, ina ga wadda aka tsara don tayar da sha'awa? Duk wanda ya saurari wasu waƙoƙin da ke tashe yau, masu yabon kuɗin damfara da mayar da mace kayan wasa, ya san iyaye ba su yi kuka a banza ba.

Inda na rabu da dattijon shi ne wurin da ya ja layinsa. Shi a ganinsa, waƙar da ta ambaci sunan Allah halal ce, saura duk ƙazanta. Littafi Mai Tsarki kansa bai bi wannan ma'auni ba. Waƙar Waƙoƙi zancen ƙauna ce tsakanin namiji da mace daga farko har ƙarshe. Da hankalin Sarki Shawulu ya dagule, kiɗan Dawuda ne ya kwantar da shi. Manzo Bulus kuwa, da ya tsaya gaban mutanen Atina, sai ya kafa hujja da baitocin mawaƙansu na Girka, waɗanda ba su san Almasihu ba. Da bai san waƙoƙinsu ba, da me zai jawo?

Tarihi ma shaida ne. A 1601 wani Bajamushe, Hans Leo Hassler, ya wallafa wata waƙar soyayya. Daga baya aka ɗauki karinta aka ɗora wa waƙar shan azabar Almasihu, wadda Bach ya yi amfani da ita, ake kuma rera ta a majami'u har gobe. A nan gida, akwai lokacin da wasu mishan suka hana ganga shiga ɗakin sujada, suna ganin kayan bori ce. Yau je ka taron zumuntar mata a Jos ko Kafanchan ka ji yadda ganga da tulu da shantu ke yabon Ubangiji.

To, me Ɗan Maraya ya ce da kuntiginsa har ya rasu a 2015? Ya yi wa ma'aurata nasiha, ya soki auren dole, ya ɗaga darajar karen mota da sauran talakawa masu neman halal. A ɗaya gefen, akwai waƙoƙin da aka laƙaba wa sunan bishara, alhali cikinsu babu komai sai kwaɗayin mota da fatan mutuwar maƙiyi. Wace ce a cikin biyun ta fi kusa da koyarwar Almasihu? Sunan da aka rubuta a jikin buhu ba ya mayar da tsakuwa shinkafa.

Ma'aunin da Bulus ya ba Filibiyawa ya wadatar: mutum ya cika tunaninsa da abin da ke gaskiya, mai tsabta, abin yabo. Saboda haka na ce wa ɗalibata ta tambayi kanta abu uku game da kowace waƙa. Me take yabo? Wane hali take bari a zuciyata bayan ta ƙare? Zan iya fassara kalmominta a gaban mahaifiyata ba tare da na sunkuyar da kai ba? Wadda ta faɗi wannan jarrabawa ta goge ta, ko wa ya rera ta.

Na kuma shawarce ta kada ta yi fushi ta bar ƙungiyar. Ta je ta durƙusa ta gaishe da dattijon, ta roƙe shi su saurari waƙar tare. Ga dattawanmu kuwa, ina roƙo cikin ladabi: yaron da aka hana komai yakan koyi ɓoyewa, ya sa abin ji a kunne ya saurari abin da ba ku taɓa zato ba. Wanda aka koya wa tantancewa, shi ne zai tsare kansa a ɗakin kwanan ɗalibai, inda babu fasto babu uba.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.